Alli da Allo

Ni ka rubuta maki bisa allo,
filin Giginya, in la'asar ta sanyaya.

Labbo na Mabera, siriri, dogo,
ba shi gudu, ba shi kokawa da kowa.
Daga bayan layi shika auna kwando,
wuyan hannu kaɗai ka lanƙwasawa,
raga ta ce cas, ni in zana uku.

Sahabi na Runjin Sambo, gajere, gwarzo,
ƙwallo na bin tafinai awa ɗan akuya da uwatai.
Shi dubi gabas, shi miƙa yamma,
mai tsaronai shi rungumi iska,
shi koma ɗan kallo.

Teburin mai shayi, gardama har isha'i.
"Lissafi ba shi ƙarya," in ji mutanen Labbo,
"talatin da biyu ran da munka kada 'yan Wurno!"
Ni ma na goyi bayansu, har da cin goro.

Sai ran da sawun Sahabi yag gurɗe.
Labbo yat tsaya inda yas saba, hannu buɗe,
shina jira, ƙwallo ba ta zo ba.
Shida naz zana mai. Allina ko ragewa bai yi ba.

Tun ran nan nika jin kunyar allo:
akwai gidan wanda yaj jefa,
babu gidan wanda yam miƙo.