Kwalba Mai Barewa a Gindi

Ni ban taɓa kurɓa ba, in faɗa tun da wuri,
don na san Kano da saurin ɗaga gira.
Kwalba nake saye bayan an gama da ita,
fanko, wani sa'in da mataccen kyankyaso a ciki.

Rumfata na Ƙofar Wambai, layin 'yan galan.
Ran Litinin da hantsi nake shiga Sabon Gari,
sa'ad da kujerun roba ke kife kan tebura,
Anayo na shara, rediyonsa na tari.
Shi ya koya mini rabe su.
Wannan wiskin masara ne, ya ce, daga Amurka,
ya shekara goma a gangar katako da aka babbake cikinta.
Wancan na wani hatsi ne, ɗan'uwan alkama,
mai yaƙushin maƙogwaro.
Ni hanci kawai nake karawa a baki.
Na masarar, alawar madara ce da ta kama tukunya.
Ɗayan kuwa kanumfari, da tsohon azara bayan ruwan sama.

Sai in kai gida: toka, yashi, sabulu,
kwana uku suna shan rana a kan kwano.
Ladiyo ta ɗura musu gyaɗa har wuya,
su fito bakin titi, tubabbu.

Amma akwai wadda nake nema.
Kusurwa shida, gajera, mai faɗin kafaɗa,
in ka kife ta, barewa ce a gindi tana tsalle.
Babana kuku ne a gidan wani Kwara a Bompai,
shi ya zo da irinta a aljihun riga, fanko.
Iya Tabawa ta zuba mata zuma,
ta ɗora saman kabad, inda hannu ba ya kaiwa.
Duk wanda ya yi tari a gidanmu, cokali ɗaya.
Na yi tarin ƙarya har aka gane.
Ina shekara tara na taka turmi.

Ƙarar ba ta da yawa.
Baba bai ɗauko bulala ba.
Ya tsuguna, ya tsince gilashin cikin hularsa,
zuma na bin yatsunsa,
bai ce komai ba, har ya rasu bai ce ba.
Da duka na sha, da tuni na manta.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan.
Na tone buhuna a bayan otal-otal ɗin titin Faransa,
na ba direban tirela zane ya kai Kwatano,
'yan bola sun san ni, suna kirana Mai Barewa.
Sau ɗaya wani yaro ya zo da gudu daga Fagge,
na ƙirga kusurwa: takwas.
Na biya shi duk da haka, don hakin da yake yi.

Makon jiya Anayo ya bugo: zo ka gani.
Wani tsohon injiniya ne a titin Ibadan,
ya tara su a kabad mai fitila, kamar kayan ɗakin amarya.
Ga ta nan a layi na biyu.
Shida. Na ƙirga sau uku.
Ya ɗaga mini ita, barewar na nan, ba ta tsufa ba.
Sai dai cike take, hatiminta ko ƙwarzane babu.
Kuɗinta, in ji shi, ya sayi adaidaita sahu,
kuma irin wannan ba a sha, kallo ake yi.

To, ga ni.
Ba zan ɗaga hannu in roƙi Allah wani ya sha ba.
Shi kuma ba zai buɗe ba.
Muka tsaya mu biyu, tsofaffi, gaban gilashi,
kowa da ƙishirwarsa.

Na bar masa lambata a bayan rasit.
Zumar na riga na saya, tana jarka a ƙarƙashin gado,
har ta fara daskarewa.