Tsagar Baba

Daga Abijan Tsahiru ya kira ni:
"Ba ni ganin tsagar Baba.
Wane tsoho ne wannan mai fuskar laka
da ka aiko mini daga Tawa?"

Na buɗe bidiyon da na ɗora jiya.
Da gaskiyarsa.
Kumatu sun koma tubali kan tubali,
gemu ya narke cikin riga,
murya ce kaɗai ta isa da ƙafarta.

Bayan lisha na ɗauka,
ƴar fitila guda, batir na shure-shuren mutuwa,
hannuna na rawa don dariya,
ga maiƙon kilishi a idon waya.

Nomau mai gyaran salula a bakin tasha
ko kai bai ɗaga ba.
"Rezo ɗan kamasho ne," in ji shi,
"kaya ba su shiga mota sai an danne, an taka, an ɗaure.
Albasar Galmi mai lafiya
tana kai bakin teku da yajinta.
Wadda ta soma ruɓa tun a gona,
ruwa za a sauke.
Duhun nan naka cike yake da tsaki,
na'ura kuwa ba ta bambanta tsaki da tsaga.
Ta ƙarar da awonta kan ƙwayoyin dare,
kafin ta kai ga fuska, tiya ta ƙare."

Washegari da hantsi
na goge idon waya da bakin riga,
na jingina ta da turmi,
na kawar da Baba daga gindin bedi,
don ganye mai motsi shi ma yana cin rabo.
Bango a bayansa, rana a goshinsa.
Na ce kada ya motsa.
Ya ce rabonsa da jin wannan magana
tun ranar da wanzami ya riƙe masa kai.

Mega na jika guda suka tafi.
Can ma an matse shi, ba a fasa ba:
zaren hula ya ɓace,
ƙudan da ya gitta bai kai ba.

Na kira. Shiru ya yi tsawo,
har na ɗauka layi ne ya yanke.
Sai na ji yana ƙirga a hankali,
ta dama, sannan ta hagu.

"Duk sun iso," in ji Tsahiru.
"Amma me ya sa ba ka gaya mini ba
ya rame haka?"