Allurar Ƙashi

A gindin dutsen da ya sunkuyo kan kogin Vezer,
inda aka liƙa ɗakuna kamar sheƙar tsattsewa,
Ermesenda na haƙa rami da dare
don ta ɓoye tulun hatsi ɗaya
kafin wakilin mai ganuwa ya zo awo.

Kamu uku ta yi, ƙasa ta sake launi.
Toka ce baƙa, ba ta murhunta ba,
ba ta kakarta ba.
Ga ɓarɓashin dutse mai kaifin aska,
ga guntun ƙahon dabbar da ba ta kiwo a nan,
ga kuma allura.
Ta ƙashi ce, siririya, kafarta a buɗe
kamar jiya aka zare mata zare.

Mai allurar ba ta bar suna ba.
Ta zauna nan tun ƙanƙara na mulkin kwarin,
tun ba a san lauje ba, balle ushiri.
Garken barewa ne kalandarta:
in sun ƙetare mashigi, a ƙoshi,
in sun sake hanya, a tauna fata.
Ba ƙararrawar da ta tashe ta da asuba,
ba wanda ya ce mata, “Kogin nan nawa ne.”
Amma ba ta da ƙyaure.
Abin da ke gurnani a waje
wuta kaɗai ke roƙonsa ya dakata.

Ermesenda tana da ƙyaure, har da sakata.
Zaki ya ƙare a ƙasar tun tuni,
mai shigowa yanzu da ƙafa biyu yake tafe,
yana sallama, yana ƙirga kaji.
Niƙa da kuɗi, tanderu da kuɗi,
gadar da mijinta ya ɗauko wa duwatsu
sai ya biya kafin ya taka.
Tana da gurasa dai, ko baƙa ce,
da akuya, da gishiri a ƙoƙo,
da ranar hutu guda cikin bakwai.
Waccan ba ta taɓa jin ƙanshin gurasa ba.

Wa ya fi wani? Ni ban iya rabon nan ba.
Na san dai ɗaya ta ja jijiya ta huda fata,
ɗaya ta murza mazari har yatsa ya yi kanta,
kuma hunturu bai tambayi kowa zamaninsa ba.
Duk su biyu sun kasa kunne ga tarin yaro
a ƙarƙashin rufin dutse guda,
hayaƙinsu ya hau kan hayaƙi.

Gauselm ya leƙo, ya ja da baya.
“Kayan aljanu ne, kai wa limamin coci.”
Ta yi shiru. Tata ta ƙarfe
ta karye tun girbin inabi,
sabuwa kuwa sai ƙwai goma sha biyu.

Ta goge ta da bakin zane,
ta lashi zaren ulu, ta saita a hasken kitse.
Ya shige.
Da tsohuwar zuma ake magani.

Kafin zakara ya yi cara
ta ɗinke hular ƙaramin ɗanta,
ta binne tulun, ta daddaɓe ƙasa,
ta mai da tokar nan inda ta same ta.