Mutumin Da Ba A Yanka Wa Rago Ba

Asabar, ƙarfe takwas, fanka na kukan rashin mai,
Dakta Lamela ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe:
Kamfani mutum ne.
Muka yi dariya, mu arba'in da biyu,
ma'aikatan banki, akantoci, mai gidan burodi ɗaya daga Kumo,
duk mun biya kuɗin makaranta don a gaya mana wannan.

Ta ce mutum ne a idon doka.
Yana saye, yana sayarwa, yana cin bashi da sunansa,
ya kai ƙara, a kai shi.
Masu shi su mutu ɗaya bayan ɗaya, shi yana nan daram.
Tsakaninsa da su akwai labule,
mai bin bashi iyakarsa bakin labulen.

Na ɗauko maganar har Jekadafari.
Baffa ya dawo daga Tudun Hatsi,
ƙaiƙayin masara a gemunsa,
yana lissafin buhuna a bayan kwalin sukari.

Na ce Baffa, yau an koya mana wani mutum
da ba uwa ce ta haife shi ba.
Ya ce wa ya raɗa masa suna?
Na ce takarda, da hatimi, da kuɗin rajista.
Wa ya yanka rago?
Babu.
Ya ce to Allah ya shirya shi.

Can ya ɗago:
In ya cinye kuɗin mutane fa?
Na ce a sayar da abin da ya mallaka,
in bai kai ba shi ke nan, ba mai taɓa gidanka.
Ya ajiye biro.

Na san inda hankalinsa ya tafi.
Shekarar da motar wake ta kife a hanyar Dukku
da Manu a gidan gaba,
abokin cinikinsa na shekara ashirin da bakwai,
ba takarda tsakaninsu sai musafaha da goro.
Manoma goma sha ɗaya na bin su.
Baffa ya sayar da gonar Kwami, ya sayar da babur,
ya bi su gida-gida kafin sadakar arba'in.
Zango guda na yi ban je makaranta ba.

Ya ce wannan labule naku, Hajjo,
mala'ikun kabari sun san da shi?

Shafi na tamanin da uku bai da amsa.
Na ce dai alƙali na iya yaye shi
in an ɓuya a baya don a cuci mutane.
Ya ce alƙali. Ya yi murmushi, ya nemi buta.

An ɗauke wuta,
ina haddar haƙƙoƙin da ke kan darakta da fitilar waya:
riƙe amana, kada ka ci riba a ɓoye,
kada son ranka ya sha gaban na kamfani.
Turanci mai nauyin buhun gero,
amma duk layin da na sauke
sai in ga na taɓa jin sa a rumfa
daga bakin wanda bai gama elementare ba.

Ranar jarrabawa ya tare ni a zaure.
Kin ce ba ya mutuwa?
Na ce sai in an rushe shi.
Ya daɗe yana jan carbi.
To in kin gama ki yi mana ɗaya.
Hannun jari rabi nawa, rabi na 'ya'yan Manu.
Sunansa za ki fara sawa, nawa ya biyo.
Labulen kuwa ki bar wa yaran,
ni ban iya ciniki a bayan ƙyalle ba.

Tambaya ta farko, maki ashirin:
yi bayanin yadda kamfani yake mutum.
Na daɗe ina kallon takardar.
Mai gidan burodi har ya juya shafi.