Baƙin Tukuna

A bayan gidan mai, a Thermopolis ta jihar Wayomin,
inda iska ke jijjiga allon farashi kamar tana binsa bashi,
na tsugunna gefen motar da muka mayar gida
shekara goma sha ɗaya, ni da Orval.
Dala goma na biya. Yarinyar kanti ta miƙo makullin ramin
ɗaure da guntun katako, ko kai ba ta ɗaga ba.

Wannan aikinsa ne. Nawa tuƙin dare,
da taswira, da gardama kan hanya.
Yau ga safar robarsa shuɗiya,
yatsuna na lilo a ciki.

Tanki uku ne ƙarƙashin gadonmu.
Ya sha faɗa, ina ji da kunne ɗaya:
na ruwan sha, wanda inji ke zuƙowa da gurnani
da zarar an murɗa famfo;
na toka-toka, kumfar wanka da maiƙon tukunya;
sai baƙin,
wanda ba a ambata ana cin abinci.

Na buɗe ƙaramar ƙofar gefe.
Ashe ya bar mini wasiƙa a jikin marfin,
rubutun tawada, karkatacce kamar tafiyarsa:
Wilma, baƙin tukuna. Toka daga baya.
Sai ruwan sabulu ya bi sawu ya wanke tiyon.
Kada ki bar baƙin a buɗe don ganin sauƙi,
ruwa zai tsere, sauran ya taru ya bushe kamar suri.
Ki jira ya kusa cika. Nauyi ke tura nauyi.
Ma'aunin maƙaryaci ne, takarda ke manne masa ido.

Na murɗa bakin tiyo har ya ce ƙas.
Ɗaya bakin na cusa a rami, na danne da dutse.
Wani mai hular kaboyi da ke layi a bayana
ya leƙo ta taga: Baiwar Allah, in taimaka?
Na ce a'a.

Na ja baƙin hannun.
Tiyo ya yi zillo, ya kumbura, ya ɗauki rawa,
ƙasa ta haɗiye da ƙugi.
Ban ji ƙyama ba. Dariya ce ta kama ni,
na tuna ranar da muka hau hanyar tsakuwa
ruwan da ke gwiwar bututun wanke-wanke ya fantsale,
ɗan cikin tafin hannu ɗaya
da ke tsare ƙofa kada wari ya hauro.
Mil arba'in muna zagin kare.
Daga baya ya hau rufi da tocila
ya tarar zanzaro ya gina a bututun shaƙar iska.

Ƙugin ya lafa. Na tura hannun ya rufe.
Saura tokan.

Nan hannuna ya tsaya.
Mako uku ban taɓa tankin nan ba.
A ciki akwai safiyar Talata:
ruwan da ya aske gemu da shi,
ɗaurayen kofin da ya sha rabi,
man goge bakin da ya tofar yana waƙa ba daɗi.
Duk abin da ya rage bai wuce bokiti biyu ba,
gauraye da nawa.

Mai hular ya kashe injinsa. Bai danna oda ba.

Mota ba ta ɗaukar abin da ya fi cikinta,
kuma ƙanƙara na tafe daga kan duwatsu;
ruwan da aka ƙi saki shi ke fasa bututu.

Na ja.
Ya wuce da ɗan ƙamshin sabulu,
bai kai minti biyu ba.

Na ɗauraye tiyo, na naɗe, na mayar da makulli.
A ciki na taka fedar masai, na zuba ruwa bokiti guda,
don layin ƙarshe na marfin cewa ya yi:
kada ki fara tafiya da busasshen tanki.