Ba a Fere Ƙofa da Damina

Na dawo Beypur ruwa na kwana na tara bai ɗauke ba,
jaka a kafaɗa, makullin uwata a tafin hannu.
Makulli ya juya, ƙyaure ya ƙi.
Na sa gwiwa, na sa ƙirji,
ya yi nishin tsohon sa, ya ba ni taƙi ɗaya,
na kutsa a karkace, ɓarauniya a gidanmu.

Da safe na aika a kira Velayudhan kafinta,
tsoho mai guntun fensir a bayan kunne.
Na ce, fere mini gefen nan, yau nake so.
Bai dube ni ba, ƙofar ya duba.
Ya ƙwanƙwasa sama, ya ƙwanƙwasa ƙasa,
ya kara kunne, yadda nake yi wa majinyata a asibitin Maskat.
Ya ce, lafiyarta lau, ruwa ta sha.
Abin da kika fere da damina, rani zai biyo ki bashinsa,
ranar da kumburi ya saɓe, kin yi wa maciji hanya.

Sai ya zauna a dokin ƙofa
ya kwance mini labarin da ban roƙa ba:

Uwarki Madhavi ta bi ni har Nilambur,
inda giwa ke jan gungume zuwa bakin kogi.
Katako goma sha bakwai ta mayar.
Wannan farin gefe gare shi, tuwon gara ne.
Wannan ido ne a tsakiyarsa, daga nan zai tsage.
Wannan ɗanye ne, ɗaga ka ji nauyin ruwa.
Ta tsaya kan zuciyar tik, mai launin zuma,
jijiyarsa miƙe kamar sawun mataji a jiƙaƙƙen gashi.
Damina uku yana jingine a inuwa,
ubanki na ta mita, gida rufe da saƙar ganyen kwakwa.
Hinjin tagulla ta sa, don iskar teku ba ta raga wa baƙin ƙarfe.
Fenti kuwa ta ce a'a,
wai ruɓa na shiga ƙarƙashinsa ba sallama.

Ya ce, fuska shida ƙofa ke da ita,
baƙo ya san ɗaya, mai gida ya san biyu.
Kawo madubi.

Na kawo na ɗakinta, mai tsaga a kusurwa.
Ya zura shi ƙarƙashin ƙyaure, ya ce, leƙa.
Na durƙusa.
Gindin ƙofa fari fat, a bushe, a tsattsage,
ta nan ruwa ke hawa kamar kananzir a lagwani.
Ya ce, duk shekara takan kwanta a nan da tsumma
ta shafe shi da man ɓawon kashu har yatsunta su saɓule.
Wannan ya yi shekara huɗu bai ga mai ba.

Shekara huɗu.
Duk Lahadi ina kiranta, ina tambayar gwiwa,
tana cewa, garau, jiya ma na je kasuwar kifi.
Ashe ƙofa ta san ranar da ta kasa durƙuso,
ni mai auna jinin mutane ban sani ba.

Na jira. Wata biyar ina shiga a karkace.

Da rana ta dawo, muka sauke ƙyauren kan benci biyu,
mutum huɗu, har da mai sayar da madara.
Na bi jijiya da samfefa, ban ƙetare ta ba.
Shafa ta fari katako ya shanye kafin in juya,
ta biyu ya yi jinkiri,
ta uku ya ce ya ƙoshi, na goge saura.
Sama da ƙasa na ba su ninki.
Na gyara indararon da ke tofa mata ruwa.

Yanzu yatsa ɗaya ke tura ta.
Tsumman na rataye a ƙusar da na same shi,
madubin ma na bar shi kusa, bayan tukunyar fure,
tunda gwiwata har yanzu tana lanƙwasuwa.