Rumbun da Gara Ba Ta Ci

Shekara goma sha tara ina riƙe da makullin ɗakin nan
a Marwa, bayan layin darbejiya.
Kundayen ɗalibai jibge har rufi:
na ƙasa damina ta lashe, na sama jemage ya sa wa hannu,
na tsakiya kuwa gara ta karance su
fiye da kowane malami.

Sai ga Njidda da jakar goyo,
yaron da na taɓa kora don ya ci gyaɗa a kan littafi.
Ya ce, Baba Tanko, gyara zama, yau ni ne malam.
Manhajar nan ba ta da mai ita,
rijiyar unguwa ce,
kowa ya ja ruwa, wanda ya ga igiya ta tsinke ya ƙulla.
Na ce nawa? Ya ce ko dala.
Na ce araha ba ta ado.
Ya ce kuɗinta haƙuri ne, kuma ba a cin bashi.

Allo baƙi ƙirin, ba hoto ba zane,
sai ɗan farin abu guda yana ƙifta mini ido.
Na rubuta umarni da yatsa biyu
kamar kaza na tsintar tsaba.
Na manta ɗigo ɗaya.
Ɗigo ɗaya! Nan wuni ya tafi,
har la'asar tana ja mini jajayen layuka
cikin harshen da ba a ciniki da shi a kasuwarmu.

Ran Laraba mun kai kashi tamanin da bakwai
aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi uku ta tsaya.
Ba wanda ya ce uffan.
Muka fita shan shayi a rumfar Dudu,
muna kallon yara na ƙwallo a tsakiyar Mayo Kaliyaw,
kogin da ba ka ganin komai sai yashi,
ga mata can gefe suna tono, suna cika tulu.

Da rumbun ya tashi, sai sunayenmu suka ƙi shiga.
Ƙ ta zama akwati, ɓ ta ɓace,
Ɗahiru ya fito da alamar tambaya a goshi
kamar na'urar na cewa, kai kuma daga ina?
Njidda yana Garwa wajen biki.
Dare biyu ina bin fayil layi-layi
da tabarau a kan karan hanci,
har na iske inda ake gaya mata irin haruffan da za ta karɓa.
Ni na gyara. Ni, Tanko.
Na rubuta yadda na yi da Faransancina mai ɗingishi,
na aika wa masu ƙulla igiyar.

Na sa wa fuskarsa launin ganyen auduga.
Na raba makullai: wannan ya zuba, wancan ya duba,
shugaban sashe ya sa hannu in ya tuna.

Kundin farko na Larai ne,
a kan dawar muskuwari da laka mai tsagewa da rani.
Ta rasu ba wanda ya taɓa neman shi.
Shafi ɗari da arba'in, gara ta ci gefen na tara.
Na ɗauki hoton kowane shafi har da cizon,
na cike suna, shekara, kalmomin nema,
na danna da bismillah.

Yanzu duk Alhamis nakan kwafe rumbun gida biyu,
ɗaya a aljihun tebur, ɗaya a ƙasan akwatin tufafina,
don na ga abin da wuta ke yi in ta tafi ba sallama.

Da safen nan na duba ƙidaya.
An buɗe kundin Larai sau uku.
Ɗaya ni ne. Ɗaya Njidda.
Na ukun ban san shi ba.